Darasi na 12: Ƙaramar Hukuma da Tsaron Tsakiyar Gari

Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin Kantin Kwari ana gab da kiran sallar magariba ya san yadda gari yake sauya kama cikin rabin sa'a. 'Yan kasuwa suna jan ƙofofin shaguna, 'yan dako suna ƙirga abin da suka samu, masu adaidaita sahu sun cunkushe titi kowa yana kiran unguwar da ya nufa. A daidai wannan lokaci za ka ga mace ta tura wayarta can ƙasan jaka, ta rungume jakar a ƙirji. Namiji kuma ya mayar da tasa aljihun gaba, ya ɗora hannu a kai. Babu wanda ya yi musu shela. Kowa ya san idan duhu ya fara shiga, masu ƙwacen waya sun fito kasuwa.

Wa ke da alhakin ganin mutanen nan sun isa gida lafiya? Idan aka yi wannan tambaya a aji, mafi yawa za su ce 'yan sanda. Sun yi gaskiya, amma rabin gaskiyar ke nan. Ɗaya rabin yana hannun hukumar da ta fi kowace kusa da mu, wadda kuma muka fi rainawa, wato ƙaramar hukuma.

Hukumar da ba ta da bindiga

Dattawan da ke cikinku za su tuna zamanin En'e. A wancan lokaci hukumar gargajiya tana da dogaranta da 'yan dokarta, tana da kotunan alƙalai da gidan yari. A ƙarshen shekarun 1960, zamanin mulkin soja, aka karɓe 'yan doka aka haɗe su da rundunar 'yan sandan Nijeriya. Sai gyaran fuskar 1976, wanda ya kafa ƙananan hukumomi masu tsari iri ɗaya a duk faɗin ƙasa. Yau muna da guda 774, kuma Jihar Kano kaɗai tana da 44, ta fi kowace jiha yawa.

Sashe na 214 na tsarin mulkin 1999 ya ce rundunar 'yan sanda ɗaya ce a ƙasar nan. Saboda haka ciyaman ba shi da ikon ba baturen 'yan sandan yankinsa umarni. Shi baturen 'yan sanda kwamishina yake amsa wa, kwamishina kuma Sufeto Janar da ke Abuja. A wurin taro za ka ji ana yi wa ciyaman kirari da "babban jami'in tsaro na ƙaramar hukuma". Kirari ne kawai. Ko kurtu ɗaya ba zai iya sauya wa wurin aiki ba.

To me ya rage a hannunsa? Jadawali na Huɗu na tsarin mulkin ya jera ayyukan ƙaramar hukuma. A ciki akwai kula da kasuwanni da tashoshin mota da mahauta da banɗakunan jama'a. Akwai gyaran tituna da magudanan ruwa da fitilun kan titi. Akwai kwashe shara, da sa wa tituna suna, da ba gidaje lamba. Akwai ba da lasin kekuna da kura da baro, da sa ido a kan shaguna da gidajen abinci. Ka karanta jerin daga farko har ƙarshe, ba za ka ga kalmar "tsaro" ba. Amma ka sake karantawa a hankali, kana tuna inda aka taɓa tare ka ko aka tare wani naka.

Ɗauki fitila. Ɓarawo ba ya son a ga fuskarsa, kuma mai tafiya ba ya son bin inda ba ya ganin gabansa. Da zarar fitilar wani lungu ta mutu, mutanen kirki sukan daina bi, mai shayi ya ɗauke teburinsa ya koma inda ke da haske, sai lungun ya zama babu ido a kansa ko ɗaya. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ɗauki lambar gida. Mutum ya kira 'yan kwana-kwana gidansa na ci da wuta, sai ya tsaya yana kwatance: "Idan kun wuce taransifoma, ku sha kwana wajen mai faci, gida na uku bayan masallaci." Kafin a gane wane masallaci yake nufi a unguwar da ke da guda bakwai, rufin ya zube. Haka bola da aka bari ta yi tsauni, haka kangon da mai shi ya manta da shi, haka tashar da ba a san wa ke lodi a cikinta ba. Ba ɗaya daga cikin waɗannan da bindiga za ta gyara.

Abin da ya sa tsakiyar gari ta bambanta

A cikin unguwa kowa ya san kowa. Baƙo ya shigo, kafin ya kai ƙarshen layi mutum uku sun tambaye shi gidan wa yake nema. Tsakiyar gari ba haka take ba. Da rana cike take maƙil da mutanen da ba su san juna ba, wasu daga Maraɗi, wasu daga Maiduguri, wasu daga Onica, kowa da kuɗi ko kaya a jikinsa. Da dare kuma sai ta zama fayau, daga masu gadi sai karnuka. Masu dukiyar sun tafi sun kwana a Kumbotso ko Ungogo, nesa da shagunansu.

Ga wata matsalar kuma. Birnin Kano da kewayensa ƙananan hukumomi takwas ne suka raba shi: Birni, Dala, Fagge, Gwale, Nasarawa, Tarauni, Kumbotso da Ungogo. Kasuwar Kurmi, wadda ta samo asali tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, tana ƙaramar hukumar Birni, Kwari da Sabon Gari kuma suna Fagge. Ɓarawo bai san iyaka ba. Ya yi ƙwace a wata ƙaramar hukuma, ya tsallaka titi ya faɗa wata, ya sayar da wayar a ta uku. Sannan gwamnatin jiha ta karɓi da yawa daga ayyukan da muka lissafa. Ita ke da KAROTA mai kula da zirga-zirgar ababen hawa, ita ke da Hukumar Hisba da dokar 2003 ta kafa, ita ke naɗa shugabannin manyan kasuwanni, kuma tana da hukumar kwashe shara. Wannan ya sa talaka yakan rasa ƙofar da zai ƙwanƙwasa. Ya je sakatariya a ce masa aikin jiha ne, ya je ma'aikatar jiha a ce ya koma wajen kansilansa.

A nan ne babban aikin ƙaramar hukuma yake, a ganina: ta tara waɗanda kowannensu ke riƙe da guntun maganin, ta zaunar da su wuri ɗaya, ta rubuta abin da aka yanke, ta kuma bi sawu. Ita ce ke da kansila a kowace mazaɓa, ita ce ke hulɗa da hakimi da dagatai da masu unguwanni kullum. Tsarin yin hakan ma yana nan. Tun 1984 rundunar 'yan sanda ta kafa kwamitin hulɗa da jama'a, kuma Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta tanadi kwamitocin tsaron al'umma tun daga matakin jiha har zuwa na caji ofis. Matsalar ita ce wa ake gayyata, da kuma wa ake saurara.

Wa ya tambaye ni?

Bari in ba ku abin da na gani da idona. Wata shekara aka matsa wa wani lungu a unguwarmu da ƙwace, har mutum uku cikin mako guda, ɗaya ma an yanke shi a hannu. Mai unguwa ya kira taro a ƙofar gidansa bayan la'asar. Kansila ya zo, liman ya zo, 'yan sintiri sun zo da shugabansu, caji ofis ma sun turo wakili. Aka shimfiɗa tabarmi, manya suka yi ta magana fiye da sa'a guda. Wani ya ce a yi karo-karo a ƙaro tociloli. Wani ya rantse yaran wata unguwa ne ke shigowa. Wani ya kama zagin zamani da tarbiyyar 'ya'yan yanzu.

Ana shirin shafa fatiha sai wata tsohuwa mai ƙosai a bakin lungun, wadda tun ɗazu take tsaye can gefe, ta matso ta durƙusa.

"Ranka ya daɗe, a ba ni izini in sa baki?"

"Bisimilla, Iya," in ji mai unguwa.

Ta ce yaran ba daga nesa suke zuwa da dare ba. Tun la'asar suke shiga kangon da ke bayan bola, su zauna suna shaye-shaye. Ta ce tun kafin azumi fitilar da ke jikin falwaya ta mutu, kuma ba sa fitowa sai an tashi daga islamiyyar dare, lokacin da mata ke wucewa. Ta faɗi ta inda suke tsallake katanga su ɓace.

Kansila ya ce, "Haba Iya, kin san duk wannan, me ya hana ki faɗa tuntuni?"

Ta ce, "Ɗan nan, wa ya tambaye ni?"

An ɗauki wata biyu ana sintiri zuwa sakatariya kafin a kwashe bolar a gyara fitilar, kuma sai da dagaci ya sa baki aka samo mai kangon ya toshe ƙofarsa da bulo. Ba zan ce muku ƙwace ya ƙare a garin ba. Wasu ma sun ce yaran wani lungun suka koma, kuma mai yiwuwa haka ne. Amma mata sun dawo bin hanyar. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma a tsakiyar gari masu ɗakin su ne mai shayi, mai ƙosai, ɗan kamasho, mai gadi, mai cajin waya da direban adaidaita. Kwamitin tsaron da babu irin waɗannan a cikinsa, babu kuma mace ko ɗaya, taron shan lemo ne.

Abin da wani likita ya gano

Wannan matsala ba tamu kaɗai ba ce. A Kadif, babban birnin yankin Wels a Birtaniya, akwai wani likitan tiyatar fuska da muƙamuƙi mai suna Jonathan Shepherd. Ya lura cewa da yawa daga cikin waɗanda ake kawo masa da raunin faɗa, 'yan sanda ba su ma san an ji musu ciwo ba, domin ba su kai ƙara ba. Wato asibiti ya san abin da caji ofis bai sani ba. A ƙarshen shekarun 1990 ya jawo hankalin hukumar birnin da 'yan sanda da asibiti suka fara zama tare. Ma'aikatan sashen gaggawa suna tambayar wanda aka ji wa rauni abu uku: a ina, da ƙarfe nawa, da wane makami. Ba a ba da sunan kowa. Da aka tara bayanan sai ga shi ƙarara, 'yan tituna ƙalilan ne ke haifar da yawancin raunukan, a wasu sa'o'i na daren ƙarshen mako. Aka karkata sintiri zuwa can, aka hana motoci shiga wasu titunan da dare, aka sa wasu mashaya suka daina amfani da kofunan gilashi. Raunukan suka ragu, har wasu birane a wasu ƙasashe suka kwaikwayi tsarin. A 1998 kuma majalisar Birtaniya ta yi dokar da ta wajabta wa ƙananan hukumomin Ingila da Wels yin aikin rage laifuka tare da 'yan sanda.

Mashaya da kofin gilashi ba su ne damuwarmu ba. Abin ɗauka shi ne tambayoyin nan uku. Littafi guda na naira kaɗan a ofishin 'yan kasuwa ko a zauren mai unguwa, ana rubuta wuri da lokaci da abin da ya faru, zai nuna a cikin wata uku inda ya kamata a kafa fitila da inda ya kamata 'yan sintiri su tsaya. Sharaɗi ɗaya ne: kada sunan mai ba da labari ya fita. Mutane da yawa sun yi shiru ne domin sun ga wanda ya tona asirin ɗan daba, washegari ɗan daban ya dawo unguwa ya kuma san wanda ya kai shi.

'Yan sintiri: amfaninsu da haɗarinsu

Babu mai musun amfanin 'yan sintiri. Sun san lunguna, sun san fuskoki, suna kwana a waje cikin sanyin hunturu a kan ɗan abin da maƙwabta suka tara musu. Amma gora a hannun wanda babu mai tsawata masa bala'i ce. A watan Maris na 2025, a garin Uromi na Jihar Edo, 'yan sintiri suka tare wata babbar mota ɗauke da mafarauta da ke komawa Kano domin bikin salla. Aka ga bindigoginsu na farauta, aka yi musu ihun masu garkuwa da mutane, taron jama'a ya kashe mutum 16. Duk Arewa ta yi kuka. To mu ma mu tambayi kanmu: sau nawa aka yi ihun "ɓarawo" a kasuwanninmu, aka rufar wa wani da duka, babu wanda ya tsaya jin abin da ya sata?

Doka ta yarda ɗan ƙasa ya kama wanda ya gani yana aikata laifi, amma dole ya miƙa shi ga 'yan sanda ba tare da ɓata lokaci ba. Ba ta yarda a ɗaure shi a ofishin sintiri ana dukansa sai ya amsa ba. Dokar hana azabtarwa ta 2017 ta haramta wannan. Aikin ƙaramar hukuma a nan shi ne ta san su wane ne 'yan sintirin yankinta, da sunayensu da hotunansu da wanda ya tsaya musu, ta haɗa su da caji ofis, ta kuma ba su alawus a kan kari. Idan ta bar su da yunwa, ɗan siyasa zai ɗauke su, kuma ranar zaɓe za ku gan su da wani aikin daban.

Gobara ma tsaro ce

A watan Maris na 2016 gobara ta tashi cikin dare a kasuwar Sabon Gari ta Kano, ta cinye dubban shaguna. Babu ɗan fashin da ya taɓa kwashe wa 'yan kasuwa dukiya mai yawan haka a dare ɗaya. Musabbabin irin wannan gobara sananne ne: wayoyin lantarki da aka jona barkatai, kayan wuta da aka bari a kunne aka dawo da lantarki cikin dare, fetur ɗin janareta a cikin shago, wutar ɗumin masu gadi. Abin da ke mayar da ƙaramar wuta babba kuwa shi ne hanya. An kafa tebura da rumfuna da kwantena a kan hanyoyin da aka bari domin mota, har motar kwana-kwana ta zo ta tsaya a bakin ƙofa tana kallo. Kowane tebur da ke kan hanyar nan, akwai wanda ya karɓi kuɗi ya ba da izinin kafa shi. Ba a fafe gora ranar tafiya. Tun kafin hunturu ya kamata shugabannin kasuwa da hukuma da 'yan kwana-kwana su zaga tare, su buɗe hanya, su duba inda za a sami ruwa.

Ina kuɗin?

Idan ka matsa wa ciyaman, amsar da ya fi bayarwa ita ce babu kuɗi. Shekara da shekaru kason ƙananan hukumomi yana bi ta asusun haɗin gwiwa da jiha, kuma gwamnoni da yawa suna naɗa kantomomi maimakon a yi zaɓe. Ranar 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin cewa a riƙa tura kuɗin kai tsaye ga ƙananan hukumomi, ta kuma ce shugabancin da ba zaɓaɓɓe ba ya saɓa wa tsarin mulki. Aiwatar da hukuncin ya zo da jan ƙafa, amma ya ba ku hujjar tambaya. Ban da wannan, akwai harajin da ake karɓa kullum a hannun mai tebur da mai kura da direba. Wanda ya biya ya karɓi rasit. Mai rasit a hannu yana da bakin tambayar dalilin da ya sa fitilar tasharsu ta shekara a mace.

Yadda ake kai koke

Ƙorafin baki iska ke kwashe shi. Ga amfanin karatun da kuke yi. Ku rubuta wasiƙa zuwa ga shugaban ƙaramar hukuma ta hannun kansilanku. Ku sa kwanan wata. Ku faɗi wurin daidai, da abin da ke faruwa, da sau nawa ya faru, da abin da kuke so a yi. Abu ɗaya za ku nema a wasiƙa ɗaya. Wanda ya nemi fitila da kwalta da asibiti a takarda guda ba zai sami ko ɗaya ba. Mutane da dama su sa hannu, wanda bai iya ba ya dangwala yatsa. Ku yi kwafi uku: ɗaya ga sakatariya, ɗaya ga mai unguwa, ɗaya a hannunku, kuma kada ku bar ofis sai an buga muku hatimin karɓa a kan naku. Bayan mako biyu ku koma. Idan kuwa abu ne na gaggawa, gobara ko hatsari ko fashi, lambar da ake kira kyauta a Nijeriya ita ce 112. Yana da kyau kuma kowa ya adana lambar caji ofis da ta 'yan kwana-kwanan yankinsa.

Tambayoyi

1. Me ya sa ciyaman ba ya iya ba baturen 'yan sanda umarni?
2. Kawo ayyuka huɗu na ƙaramar hukuma, ka bayyana yadda kowanne ya shafi tsaro.
3. Waɗanne tambayoyi uku ake yi wa masu rauni a asibitin Kadif, kuma don me ba a ba da sunayensu?
4. An kama yaro a kasuwa ana zarginsa da satar waya, jama'a sun fara taruwa. Me doka ta ce a yi da shi?

Aikin gida

Kafin zama na gaba, kowa ya bi hanyar da ya saba bi daga kasuwa ko tasha zuwa gida, ya ƙirga fitilun da ke ci da waɗanda suka mutu, ya rubuta. Ya tsaya wajen mai shayi ko mai ƙosai ɗaya ya tambaye shi inda ya fi jin tsoro a wurin, da ƙarfe nawa. Wanda bai san sunan kansilan mazaɓarsa ba ya tambayo. Ku zo da abin da kuka samo, da biro da takarda. A aji za mu rubuta wasiƙar tare.